Bindigata ta PCP tana zubar da iska, harbin farko kuma ƙasa yake sauka: me zan fara gyarawa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da bindigar iska irin ta PCP, wato wadda ake matse iska a tankinta tun kafin harbi, mai cin harsashin milimita 5.5, tana da regileta mai daidaita matsin iskar kowane harbi, da famfon hannu nake cika ta. Ta yi shekara guda da 'yan watanni tana aiki lafiya. Yanzu idan na cika ta da yamma zuwa bar 230 a ma'aunin matsin iska, kafin gari ya waye allurar geji ta dawo wajen 215, bayan kwana huɗu kuma sai in same ta a 170 alhali ban yi harbi ko ɗaya ba. Na biyu, duk ranar da ta kwana a ajiye, harbin farko ƙasa yake sauka a takardar saiti, sai a na biyu ko na uku take dawowa daidai. Wani abokina ya ce in ƙara ɗaure sifirin ɗin guduma, wato ƙarfen da yake bugun bawul ya saki iska, in kuma ɗiga man keken ɗinki a bakin da ake ɗura iska don robobin su yi laushi. In yi hakan?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Da man keken ɗinkin zan fara, domin shi kaɗai ne a cikin maganarka zai iya raba mutum da yatsunsa ko idonsa. Don Allah kada ka ɗiga shi. Duk man da aka samo daga ɗanyen man fetur, ko na keke ne, ko na inji, ko wanda ake fesa wa noti mai tsatsa, ba ya shiga inda iska mai matsi take. Iskar da aka danne da sauri zafi take yi, kuma a matsin bar 200 oksijin ɗin da ke cikinta ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 200 a wuri ɗaya. Mai ya haɗu da wannan zafin, sai ya kama da kansa ba tare da ashana ba, yadda injin dizal yake tashi. Bambancin kawai shi ne tankin bindigarka ba a ƙera shi don ya ɗauki wannan fashewar ba, kuma a hannunka yake. Saboda wannan dalilin ne ba a taɓa cika PCP da oksijin zalla irin na masu walda ko na asibiti. Busasshiyar iska ko naitirojin, shi ke nan.

To, matsalolinka biyu ne, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba. Yoyon za ka fara kashewa. Saitin da aka yi wa bindiga mai yoyo aikin baban giwa ne, domin da ka buɗe ta ka canza roba sai ka sake auna komai.

Saukar daren farko ba duka ba ne yoyo. Iskar da famfo ya tura da ɗuminta take shiga, in ta huce matsinta ya ragu. A wajen bar 230, duk digiri 10 na ma'aunin Celsius da zafin tanki ya sauka yana cin bar 7 zuwa 8. Ke nan daga 230 zuwa 215 a dare ɗaya, rabinsa ko fiye sanyi ne ya ci. Amma sanyi sau ɗaya yake ci ya tsaya. Allurar da ta ci gaba da gangarawa har 170 tana gaya maka akwai inda iska take bi. Ka cika ta, ka bari ta huce na sa'o'i biyu, ka ɗauki hoton gejin, sannan ka riƙa dubawa kullum a lokaci ɗaya. Ƙananan gejin nan ba su da cikakkiyar gaskiya, amma suna nuna inda aka dosa.

Neman wurin yoyo aikin haƙuri ne. Ka cire gidan harsashi, ka tabbatar babu komai a cikin bututu, bakinta kuma ya kalli inda ba kowa. Ka haɗa ruwan sabulu mai ɗan kauri, ka ɗauki ƙaramin buroshi. Tun da famfon hannu kake amfani da shi, bakin ɗura iska nake fara zargi. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin bawul mai zoben roba, wanda iskar tanki take dannewa ya rufe. Ƙwayar ƙura ɗaya ta maƙale a ƙarƙashin robar ta isa. Ka shafa sabulun ya rufe ramin kamar fata, ka zauna ka zuba ido. Yoyo irin naka ba ya huci. Abin da za ka gani ɗan kumfa ne kamar kan allura, ya kumbura a hankali cikin minti ɗaya ko biyu, ya fashe, wani ya biyo shi. Daga nan ka bi gindin geji, da inda tanki ya haɗu da jikin bindiga, da ɗan ramin numfashin regileta. Wannan ramin ƙanƙane ne ƙwarai, da gangan aka huda shi don regileta ta riƙa jin matsin iskar waje. In ka ga kumfa a wurin, ɗaya daga robobin regileta ce ta mutu. Kada ka toshe shi da gam ko salatif, in ka toshe ka lalata aikin regiletar gaba ɗaya.

Babban bawul, wanda guduma take bugawa, ta bututu yake yoyo. Ka rufe sakatar bindigar, ka saka balan-balan a bakin bututun, ka ɗaure da roba, ka bar ta ta kwana. In da safe ta ɗago, ka kama ɓarawonka. Idan bututun yana da riga mai ramuka a baya, sai ka rufe ramukan da salatif na wannan daren, in ba haka ba iskar ta can za ta sulale. Sau da yawa datti ne kawai a mazaunin bawul, kuma harbi uku ko huɗu ba harsashi yakan busa shi waje, in dai littafin bindigar ya yarda da irin wannan harbin. Da ka gama, ka goge sabulun tas, domin ruwa da gishirin da ke cikinsa tsatsa suke jawowa.

In ta kai ga kwancewa, ga dokar da ba ta da sassauci: ba a taɓa sa sifana a geji, ko bakin ɗura iska, ko tanki, sai an fitar da iskar duka ta hanyar da masu ƙera bindigar suka faɗa. Allura ta kwanta a sifili ba hujja ba ce. Geji yakan maƙale, kuma ɗakin da ke gaban regileta yakan riƙe tasa iskar dabam. Ka yi harbi ba harsashi har sai ƙarar ƙarfe kawai kake ji. Noti ya yi maka tauri fiye da yadda ka saba, ka dakata, wataƙila iska ce take riƙe da shi daga ciki. Wanda bai taɓa buɗe irinta ba, ko garantinsa bai ƙare ba, ya kai wa mai gyaran da ya san PCP. Babu abin kunya a ciki.

Zoben robar da za ka saka ya zama girmansa ɗaya da tsohon, taurinsa ma ɗaya. Ana rubuta taurin da lamba, yawanci 70 ko 90, kuma in ka sa mai 70 inda ake son 90 matsi zai tura shi cikin tsagin ƙarfe ya yage shi. Da tsinken roba ko na itace ake ciro tsohon, ba da allura ba, don ƙarzanen da ido ba ya gani ya isa ya zama sabuwar hanyar iska. Giris ɗin silikon zalla, irin na kayan masu nutso a ruwa, shi ake shafawa, kaɗan, har robar ta yi sheƙi kawai. Silikon na roba ne. A tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba ya hana cin juna, saboda haka kada ya je kan guduma. Ita guduma a bushe take son tafiya, ko da ɗan garin girafait. Giris a jikinta kauri yake yi da sanyi, ya saki da zafi, gudun harsashi ya riƙa canzawa da yanayi. Lokacin da za ka sake cika ta daga sifili, ka ɗana ta tukuna. In ba ka ɗana ba, gudumar tana jingine da bawul, duk abin da ka buga ta bututu zai fice.

Tun da tankin zai buɗe, ka haska cikinsa da tocila. Famfon hannu laimar da ke cikin iska yake tarawa ya tura ciki, musamman in an yi ta bugawa har ya ɗau zafi. Farin gari a jikin alminiyom ko jan tsatsa a jikin ƙarfe ruwa ne ya kawo su, kuma ɓurɓushinsu ne yake komawa ya zauna a kan bawul. In ka ga tsatsar ta fara cin rami, tankin ya gama aiki, canza shi za a yi. Nan gaba ka riƙa bugawa kamar minti biyar ka huta famfon ya huce, ka buɗe sukurun sakin iska da sauri don ya feso ruwan da ya taru, ka kuma sa matatar laima a kan tiyo. Murfin bakin ɗura iska kada ya rabu da wurinsa. Kuma kada ka ajiye bindigar babu iska a cikinta, matsin ne yake danne robobi su zauna daram.

Yanzu harbin farko. A nan abokinka ya kusa gaskiya, sai dai ya tsallake matakin da ya fi muhimmanci. Regileta tana ɗibar iskar tanki ta rage ta zuwa wani matsi tsayayye, a ce bar 120, ta tara a ɗan ɗakin da ke bayan bawul. Da ɗakin ya cika, fistin ɗinta ya danna wani ƙaramin mazauni na roba mai tauri ya rufe. In mazaunin ya fara gajiya, ba ya rufewa ruf. Cikin dare iska tana tsiyaya kaɗan-kaɗan, 120 ta zama 130 ko 135. Wannan iskar ba waje take fita ba, shi ya sa ba ta da alaƙa da allurar da ke sauka. Sai ka ce to ai ƙarin matsi ƙarin gudu ne. Ba kullum ba. Matsin da ke tura harsashi shi ne kuma yake danne bawul, kamar ƙofar da guguwa take turawa ta rufe. Gudumar da ƙarfinta ya yi daidai da 120 ba za ta buɗe bawul sosai a 135 ba. Iska kaɗan ta fita, harsashin ya tafi a sanyaye, ya sauka ƙasa. Harbi na biyu ya tarar da matsin ya koma 120.

Ba za ka tabbatar da wannan da ido ba, sai da na'urar auna gudun harsashi. A ganina, duk mai PCP da ke son taɓa sukurun saiti ya mallaki wannan na'urar kafin ya sayi madubin saiti mai tsada. Ka cika bindigar, ka bar ta ta kwana, ka ɗauki harsashi iri ɗaya daga gwangwani ɗaya, ka harba tun daga cika har gudun ya faɗi, kana rubuta kowace lamba da abin da geji ya nuna bayan kowane harbi biyar. Regileta mai lafiya ba ta cika barin tazarar da ta wuce ƙafa 10 zuwa 15 a sakan tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri. Ka lura da ƙarshen jerin sosai. Inda lambobin suka bar layi, nan ne matsin tanki ya sauko ya tarar da na regileta. In a daidai wurin gudun ya ɗan haura kafin ya faɗi, magana ta fito: gudumarka ta yi laushi ga matsin da aka saita, kuma shi ya sa ƙarin matsin dare yake kayar da harbin farko.

Gyaran kuwa a hankali ake yin sa. Ka yi wa sukurun sifirin ɗin guduma alama don ka san inda ka taso. Ka ƙara sifirin da kwatan juyi, ka harba uku, ka rubuta. Gudun zai riƙa hawa, sannan ya zo inda ko ka ƙara ba ya motsi, sai ƙara da ɓarnar iska. Wannan ne ƙololuwar abin da wannan matsin zai iya bayarwa. Sai ka sassauta har gudun ya dawo kashi 95 zuwa 97 cikin 100 na ƙololuwar. A wannan gurbin, matsi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, turin da yake yi wa harsashi da dannewar da yake yi wa bawul suna soke juna, gudun ya tsaya kusan wuri ɗaya. Kada ka taɓa regileta da sifirin a zama ɗaya, in ka yi haka ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Kada son gudu ya ja ka. Harsashin dalma mai siket ya fi tafiya a miƙe tsakanin ƙafa 850 da 900 a sakan, wato wajen mita 260 zuwa 275. In ya doshi gudun sauti, mita 343 a sakan, tangal-tangal yake farawa. Sannan akwai doka: a Ingila iyakar doguwar bindigar iska ba tare da lasisin bindiga ba jul 16 ne da ɗan ɗoriya a ma'aunin ƙarfin harsashi, a Jamus kuwa jul 7.5. Ka san ta inda kake kafin ka juya sukurun, domin kwatan juyi biyu suna iya tsallakar da kai.

In ka saita gudumar a wannan gurbin amma harbin farko bai daina sauka ba, ko kuma bindigarka tana da geji na biyu na regileta kana ganin yana hawa fiye da bar 10 cikin dare, to mazaunin regiletar ne ya ci. Ana sayar da kayan gyaransa a ƙunshi ɗaya da robobinsa. Wanda zai canza shi ya ɗauki hoton yadda washoshi masu lanƙwasa da ke cikin regiletar suke jere kafin ya zare su, domin in aka juya ɗaya daga cikinsu matsin ba zai koma inda yake ba. Kafin ka samu damar yin wannan, duk lokacin da ka ɗauko ta daga ajiya ka fara sakin harbi ɗaya ko biyu a wuri amintacce, sannan ka hau kan takardar saiti.