Amsa: Tafiyar ƙarshen mako zuwa Oamaru

Ɗan'uwa, ka tambayi garin da ya dace ku nufa da mota kai da abokanka masu sha'awar steampunk, wato shigar zamanin Sarauniya Victoria da injinan tururi. Tunda kuna birnin Dunedin na ƙasar New Zealand, a ganina ku tafi Oamaru, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce.

Ku fara da Steampunk HQ, gidan baje kolin fasahar steampunk, wanda aka buɗe a 2011 cikin wani tsohon rumbun hatsi, inda kan jirgin ƙasan da ke bakin ƙofa yake fesa wuta da hayaƙi idan aka saka masa tsabar kuɗi. Daga nan ku taka titin Harbour, mai gine-ginen farin dutse. Ku riƙe rigunan sanyi, domin iskar teku tana kaɗawa sosai da yamma.