Kada ka bari su fita da moton nan daga gida

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka a kan Hoovermatic, tsohon injin wankin da Hajiya ta bari a gidanku na Aboabo a Kumasi, Allah ya jiƙanta. Ka ce idan ka kunna sai gurnani, faifan wanki ba ya juyawa, ruwa na ɗiga ta ƙasa, wani lokacin har wutar lantarki na jan hannu in an taɓa shi, kuma fita, wato mai gyara, ya ce moton da ke juya injin ya mutu, a ba shi ya kawo sabo. Raina ya ɓaci da na kai wannan layin, don maganar da aka taɓa faɗa mini ke nan, kuma har yau ban huce ba.

Kada ka ba shi. Moton asali koyil ɗinsa jan ƙarfe ne mai kauri, shi suke so. Ko a kai wa 'yan kondem, masu sayen tsofaffin ƙarafa, a auna a sikeli, ko a kwance a sake naɗa maka da siririyar waya, ya yi wata biyu yana zafi kamar dutsen guga sannan ya ƙone na gaske. Wani kuma zai kawo ƙaramin moton injinan roba na yanzu, ya huda sababbin ramuka a firam, ya yanke wayoyin asali ya naɗe da salatif. Ranar da ka buɗe baya ka ga wannan ɓarna, ga ramuka a karkace, ga wayar at, mai kai yoyon wuta ƙasa, a yanke tana lilo, ga wurin tsohon moto fayau, ba ka da abin yi sai kallo. Abin da ya fi ciwo, mutum zai yi maka haka yana kiranka Alhaji yana dariya. Hoover ta fito da wannan samfuri a 1957, masana'antarta ta Merthyr Tydfil a Wales kuma ta daina ƙera injin wanki tun 2009. Wanda ya fita da moton nan ya fita da abin da ba shago a Adum, tsakiyar kasuwancin Kumasi, da zai sayar maka.

Gurnani alama ce mai kyau, wuta na shiga koyil ke nan, wani abu ne ya riƙe shi. Amma kada ka bar shi yana gurnani fiye da daƙiƙa 5, a nan ne ake ƙona shi. Zare fulogi, kwance murfin baya, cire bel, ka juya kowane puli da hannu. Na faifan wanki shi ne ya fi cijewa: zaren tufafi da busasshen sabulu da tsatsa suna taruwa a sandar da ta ratsa bangon tukunya. Cire pulin, jawo faifan ta cikin tukunya, wanke sandar da kananzir, goge ta da samfefa mai laushi, lamba 400 ko sama, ka shafa giris mai jure ruwa kaɗan. A nan kuma sil ɗin roba mai tare ruwa yake, kuma ina kyautata zaton daga nan ɗigarka take. Ka zuba ruwa har ya rufe faifan, ka shimfiɗa jarida a ƙasa, ka haska tocila, za ka ga inda ɗigon farko ya fito.

Famfon zubar da ruwa ma ka buɗe shi. Maɓalli, fil, kwabon fesuwa 10, duk suna maƙalewa a farfelarsa.

Idan bel na cire kuma moto bai tashi ba, amma da ka tura pulin da sanda ya kama gudu, to abin tayar da shi ne. In mai kafasita ne, karanta lambar da ke jikinta ka sayi mai mikrofarad daidai da ita, mai ɗaukar bolt 400 ko 450. Kada ka yarda da "babba ta fi ƙarfi", zafi za ta sa wa koyil. Ka sauke cajinta kafin ka taɓa ta. In kuwa mai makunni ne a ciki, buɗe ka goge bakinsa da ya yi baƙi.

Maganar jan hannu ita ta fi tayar mini da hankali, don Allah kada yara su kusance shi, kuma kada wata ta yi wanki da shi ƙafa ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti. Gidajenmu na zango da yawa soket ɗin ba at a ciki, rami uku ne kawai a ido. Canza wayar wuta gaba ɗaya, tsohuwar robarta ta farfashe, ka sa mai ƙwaya uku da fulogi mai fiyus amfiya 13, ka ɗaure at a jikin ƙarfe da noti bayan ka kankare fenti. In naka mai hita ne, cire wayoyin hitar ka rufe bakinsu ka gwada, sau da yawa ita ce ke yoyon wuta. A sa mega, na'urar gwada yoyon wuta, a auna a bolt 500, ƙasa da megohm 1 ba a amfani da shi. Duba ko ɓera ya ci waya, suna son ɗumin wurin.

Ka yi sa'a naka na Birtaniya ne, wutarsu da tamu ɗaya, hertz 50. Masu injin wanki na Maytag mai abin matsa na Amurka su ke shan wahala: bolt 110 ne da hertz 60, dole sai tiransifoma, kuma duk da haka yana gudu a hankali yana ɗumi. Ranar da wuta ta yi ƙasa, ƙwai ya yi ja, kai ma kada ka kunna. Ƙarancin wuta ya fi ɗaukewarta cin moto.

Kayan gyara kuwa, ɗauki tsohon bel da tiyo da sil a leda ka tafi Suame Magazine, unguwar kanikawa da kayan gyara ta Kumasi, a gwada da ido da ma'auni. Tiyon lagireto na ƙananan motoci yana shiga, ka ɗaure da kilif mai sukuru, ba waya ba. Bel idan ka danna tsakiyarsa da yatsa ya lotsa kamar santimita 1, ya isa. Ka ɗaure fiye da haka, boris ne zai biya.

Ba ka yi maganar tukunyar matsa ba, wato ta biyun mai juyawa ta matse ruwa daga kaya, amma tunda ka buɗe, duba robobin da take zaune a kai da birkin murfi, in ka ɗaga murfi dole ta tsaya. Farin dutsen da ruwan burtsatse ke bari, binega kofi 2 a ruwan ɗumi a bar shi awa ɗaya ya isa. Soda mai ƙuna kada ta taɓa duk inda alminiyam yake, cinye shi take. Bayan kowane wanki ka tsiyaye ruwan tas, ka bar murfi a buɗe, ka ɗora injin a kan katako, damshin Kumasi daga ƙafafu yake fara cin fenti.

Ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka zare ko ɗaya. Sannan ka turo mana hoton farantin lambar da ke baya da na jikin moton, mu ga wane samfuri ne kafin ka sayi komai. Allah ya sa ya tashi.