Amsar kawu a kan neman auren 'yar masu hali

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na fahimci abin da ke damunka. Ka ce kun daidaita da yarinyar da ta gaji gidaje da shaguna a Kantin Kwari daga mahaifinta, kai kuwa gyaran mota kake yi a Ƙofar Ruwa, kana tambaya ko al'adarmu ta yarda irinka ya nemi irinta.

Addini dai bai hana ka ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, idan suna maganar dacewar miji da mata, addinin mutum da kuɓutarsa daga manyan aibobi suke dubawa, ba su sanya dukiya a cikin sharuɗɗa ba, kuma mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce a Makka. Manzon Allah (SAW) ya kai mata fatauci Sham tare da yaronta Maisara, kuma ita ce ta aika aka yi masa maganar aure yana da shekara 25, saboda amanar da ta gani.

Al'ada kuwa takan ce ƙwarya ta bi ƙwarya. A zamanin iyayenmu sana'ar gado ake dubawa, shi ya sa gidan sarauta ko na malamai yakan yi nauyin hannu wajen bai wa mahauci ko wanzami 'ya. Yau kuɗi ne ya hau kujerar. Danginta za su zarge ka da kwaɗayi, kuma kada ka ji haushinsu, domin marainiya mai dukiya haƙƙinta ne a bincika mata sosai.

Abin da nake jiye maka yana bayan biki. Na zauna unguwa ɗaya da wani tela da ya auri mace mai hali, ya rufe shagonsa ya koma karɓar mata kuɗin haya. Da idona na ga keken ɗinkinsa a zaure, ƙura ta rufe shi, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa, 'yan unguwa kuma sun daina kiran sunansa sai mijin Hajiya. Ranar da suka sami saɓani a kan lissafin haya, bai da abin da zai ce nasa ne a gidan, har bargon da yake rufa da shi.

Saboda haka ka riƙe garejinka. Gadonta nata ne, shari'a ba ta ba ka ko sisi a ciki ba sai abin da ta ba ka da daɗin rai, alhali ci da sha da sutura da muhalli suna wuyanka. Lefe kuma ka haɗa shi da guminka, ko akwati biyu ne; kada ka karɓi kuɗi a hannunta a ɓoye, domin matan da ke buɗe lefe sun san farashin kowane turmin atamfa, sun kuma san samun makanike. Idan ta so ku zauna a ɗaya daga gidajenta, babu laifi, amma a yi maganar a gaban waliyyinta, buhun shinkafa da kuɗin cefane kuma su riƙa fitowa daga aljihunka.

Ka tambaye ta wane ne waliyyin nata a cikin baffanninta, sannan ka zo ranar Asabar bayan la'asar, ni da baffanka mu tsayar da ranar da za mu je gaisuwa.