Yaren da Magma ke waƙa da shi

Malam, ka ce ka sayi tsohon faifan ƙungiyar Magma a Yaba, ka kasa gane yarensu, kana kuma tambaya ko yare ne ke raba kiɗan rok gida-gida.

'Yan Faransa ne, amma yaren ƙirƙirarre ne. Mai gangarsu Christian Vander, wanda ya kafa ƙungiyar a 1969, shi ya ƙaga shi ya sa masa suna Kobaïan. Daga cikinsa kalmar Zeuhl ta fito, ita ce yanzu sunan salon gaba ɗaya: ganga mai nacin bugu, jita mai kaurin murya, ga 'yan amshi kamar mawaƙan coci. Har Japan akwai masu bin sawunsu, irin su Ruins, da nasu yaren na ƙirƙira. Ka saurari faifan da dare, a natse, wallahi yana ratsa jiki.

Ni dai a ganina kiɗan ne ke yanke hukunci. Ƙungiyar rok ta Italiya mai suna PFM ta fitar da waƙoƙinta da Turanci a 1973, har yau cikin rok ɗin Italiya ake lissafa ta. Nan Legas ma, ƙungiyoyin BLO da Ofege yawanci da Turanci suka rera, amma Afro-rock ake ce wa kiɗansu saboda bugun gangar namu ne.