Sabuwar kujera a teburin shugabanni: wa zai riƙe akalar ƙirƙirarriyar basira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar sashen kula da ma'aikata a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Daraktocinmu sun yanke shawarar ɗauko babban jami'in da zai kula da ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ke rubuta wasiƙa da amsa tambaya da zana hoto, kuma ni aka ɗora wa alhakin tsara yadda zai shigo cikin shugabanni. Tun kafin a tallata gurbin, shugaban sashen kwamfuta, wanda ya daɗe yana yi wa kamfanin hidima, ya fara ja baya da mu. Shin wannan kujera tana da amfani, ko yayi ne kawai? Idan za a yi ta, ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai yayi a cikin lamarin, ba zan ɓoye miki ba, domin tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya da yin rubutu, a ƙarshen watan Nuwamba na 2022 manyan kamfanoni suke rige-rigen ƙirƙiro muƙamai masu ɗauke da sunan wannan fasaha. Gwamnatoci ma sun bi sahu, har a watan Maris na 2024 fadar shugaban Amurka ta umarci hukumomin tarayyar ƙasar da kowace ta naɗa babban jami'inta na wannan fanni. Sai dai ba kowane yayi ne aikin banza ba. Abin da zai raba gardama shi ne irin ikon da za ku damƙa wa mutumin, da kuma irin alhakin da za ku rataya masa a wuya.

Ki dubi hanyoyi biyu da manyan kamfanoni suka bi. A watan Maris na 2024 Microsoft ya ɗauko Mustafa Suleyman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin binciken ƙirƙirarriyar basira na DeepMind a 2010, ya ba shi sabon sashe sukutum, kuma ba shi da wani ubangida sai shugaban kamfanin, Satya Nadella. Shi kuwa Coca-Cola, a 2023, cikin gida ya duba, ya naɗa Pratik Thakar, mutumin da ya fito daga ɓangaren talla, ya jagoranci harkar. Microsoft ƙera fasahar yake yi yana sayarwa, saboda haka dole ya nemi gwanin ƙira ko nawa ne farashinsa. Coca-Cola amfani da ita yake yi don ya sayar da lemo. Kamfaninku na wannan rukuni na biyu ne, don haka wanda kuke bukata shi ne mutumin da ya san yadda kaya ke fita daga sito har su isa shagon ɗan kiri, sannan ya fahimci fasahar daidai gwargwadon da babu ɗan kwangilar da zai yi masa rufa-ido. Wanda ya iya zuba Turanci a gaban majigi amma bai taɓa ganin takardar kaya ba, zai ci muku albashin shekara kafin ku gane.

Inda nake so ki fi tsayawa shi ne batun alhaki, domin nan ne kujerar take samun hujjarta. A 2023 wasu injiniyoyin Samsung sun zuba bayanan sirri na kamfanin a cikin ChatGPT suna neman ya gyara musu aiki, abin da ya sa a watan Mayu na shekarar kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. A watan Fabrairu na 2024 kuma wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a Kanada ta samu kamfanin jiragen sama na Air Canada da laifi, bayan manhajar da ke amsa tambayoyi a shafinsa ta shaida wa wani fasinja da kakarsa ta rasu cewa zai iya neman rangwamen masu zaman makoki bayan ya sayi tikiti, alhali ƙa'idar kamfanin ba haka take ba. Kamfanin ya kare kansa da cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta, kotun ta yi watsi da wannan, ta ce ya biya.

Yanzu ki kawo wannan gida. Wani dila ya aiko saƙo ta WhatsApp da daddare yana tambayar farashin buhun sukari, manhajar ta ba shi farashin makon jiya, ya tura kuɗin buhu ɗari biyu, da asuba motarsa tana ƙofar sito. Wa zai amsa? Idan amsar ita ce "sai mun zauna mun duba", to ba ku naɗa kowa ba tukuna, ko da akwai suna a jikin ƙofar ofis. Haka nan sunaye da lambobin wayar abokan cinikinku suna ƙarƙashin kariyar dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, kuma akawun da ya kwafi jerin masu bashi ya liƙa a manhajar kyauta don ta tsara masa, kamfanin ya jefa cikin haɗari. Saboda haka takardar naɗin ta fayyace cewa jami'in yana da ikon dakatar da duk wani amfani da fasahar da bai aminta da shi ba, ko a sashen wa ake yin sa, yana da kasafin kuɗinsa, kuma manajan darakta yake kai wa rahoto kai tsaye. Idan daraktoci ba su shirya ba da waɗannan ba, gara ku ɗauki mai ba da shawara na wata shida, ku bar maganar kujera.

Game da shugaban sashen kwamfuta kuwa, ban ga laifinsa ba. Mutum ya yi shekaru yana fama da janareta da katsewar intanet, rana tsaka a ce za a kawo wani a zaunar sama da shi, dole ransa ya sosu. Ki sa shi cikin kwamitin da zai tantance masu neman aikin, sannan a rubuta iyakar kowa tun kafin baƙon ya iso: na'urori da tsaron bayanai suna hannunsa, zaɓen ayyukan da za a sa fasahar a ciki da auna ribarsu suna hannun sabon. Kada ma ki cire yiwuwar cewa shi ne ya fi cancanta, idan aka tura shi ƙarin horo.

A wajen ganawa da masu nema, ki ajiye musu ainihin saƙonnin dilolinku guda ashirin, bayan an goge sunaye da lambobi, irin waɗanda ake cakuɗa Hausa da Turanci a rubuta kalma irin "kudi" babu ƙugiya babu waƙafi. Ki ce kowa ya nuna yadda manhajar za ta amsa su, ya kuma faɗi inda take kuskure, domin har yanzu waɗannan manhajoji sun fi ƙwarewa a Turanci nesa ba kusa ba. Wanda aka ɗauka kuma, ya yi watansa na farko tsakanin sito da ofishin akawu da motar rarraba kaya kafin ya sa hannu a kan kowace kwangila.