Tambayi Malaman Harshe: "Harbour", Tashar Jirgin Ruwa Ce ko Ɓoye Mai Laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malamai. Ni ɗaliba ce, ina shirin jarrabawar Turanci. Na ci karo da jimloli biyu da suka ɗaure mini kai. Ta farko ta ce "The island has two harbours", ta biyu kuma "He harbours a grudge". Ƙaramin ƙamus ɗin da nake da shi tashar jirgin ruwa kawai ya ba ni. To ina ruwan tashar jirgi da mutumin da ya ƙullaci wani? Kalmomi biyu ne da rubutunsu ya zo ɗaya, ko kuwa kalma ɗaya ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwarmu. Kalma ɗaya ce, ƙamus ɗinki ne ya ba ki rabin labari.

Asalinta daga tsohon Turanci ne, "herebeorg". Gaɓar farko tana nufin rundunar yaƙi, ta biyu kuma mafaka. Wato da fari babu ruwanta da teku, masaukin mayaƙa take nufi, daga nan ta zama kowane irin masauki. Har gobe 'yan'uwanta a wasu harsunan Turai suna nan a kan wannan ma'ana: "Herberge" a Jamusanci, "auberge" a Faransanci, "albergo" a Italiyanci, duk masaukin baƙi ne. A Turanci ne ta rabu gida biyu. Idan suna ce, ta zama wurin da jirgin ruwa ke fakewa daga iska da igiyar ruwa. Idan aikatau ce, sai ta zama ba wa wani abu mafaka. Ki riƙe kalmar mafaka a ranki, za ki ga duk ma'anonin sun hau layi: jirgi ya fake a lungun teku, ɓarawo ya fake a gidan abokinsa, ƙiyayya ta fake a zuciya.

Rubutun "harbours" da kika gani sau biyu yana iya zama jam'in suna, yana kuma iya zama aikatau na mutum ɗaya a lokaci mai ci, don duka biyun "s" ake ƙara musu. Don ki bambance, fara duba abin da ya gabace ta. In kin ga adadi, ko "the", ko "many", ko wata siffa kamar "deep" manne da ita, suna ce. Sai ki duba bayanta. Aikatau ɗin da wuya ya tsaya shi kaɗai, kusan kullum abin da aka ɓoye ne ke biyo shi kai tsaye, ba tare da wani "to" ko "for" a tsakani ba. In har yanzu kina shakka, cire ta ki sa "ports", ki sake cirewa ki sa "hides", ki ga wadda ta zauna.

Ga inda ɗalibai ke faɗawa rami: "The old ship harbours rats." Ido na ganin jirgi a farkon jimla, sai hankali ya tafi tasha. Amma duba bayanta, ɓeraye ne suka biyo, kuma babu wani aikatau a jimlar sai ita. Ma'anar ita ce tsohon jirgin ya zama matattarar ɓeraye. Kanun jaridu sun fi komai jawo wannan ruɗu, saboda suna zubar da "the" da "a" don rage tsawo.

Batun furuci kuma, Baturen Ingila ba ya furta "r" ko ɗaya a cikinta. Yana jan wasalin farko ne, har ki ji kamar ya ce "haba" irin tamu ta mamaki, sai dai da ja. Ba'amurke kuwa yana furta duka biyun.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. Ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa. Da wace kalma zan riƙa fassara wannan aikatau? Wani lokaci in na ce "ba da mafaka" sai in ji ta yi laushi, in na ce "ɓoye" kuma sai in ji ta yi tsauri.

Amsa: Barka kadai, Malam. Kunnenka bai yaudare ka ba. Babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauke ta ko'ina, abin da ya biyo bayanta shi ne ke zaɓa maka fassara.

Idan mutum ne ya biyo, to kusan kullum wanda hukuma ke nema ne: mai laifi, fursunan da ya tsere, ɗan ta'adda. Nan kalmar tana ɗauke da zargi, don haka "ɓoye" ta fi kusa, ko "ɓoye shi da ba shi mafaka" in kana son cika ma'anar. Tsohuwar kalmar shari'a ce. Dokar Amurka ta 1850 kan bayin da suka tsere ta tanadi tarar da ba ta wuce dala 1,000 ba da ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ga duk wanda ya sauki bawa gudajje ko ya ɓoye shi, kuma wannan aikatau ta yi amfani da shi. Haka a jawabin da Shugaba George W. Bush ya yi a daren 11 ga Satumba, 2001, da ita ya ce Amurka ba za ta bambanta waɗanda suka kai harin da masu ba su mafaka ba. A irin wannan wuri, inda ƙasa ko gwamnati ake zargi, "ba su mafaka" ko "ɗaure musu gindin zama" ta fi "ɓoye", domin ƙasa ba ta ɓoye mutum a ƙarƙashin gado, ƙyale shi take yi ya zauna. Amma ka kiyaye, kada ka haɗa ta da mafakar siyasa da ake ba ɗan gudun hijira bisa doka. Wannan "asylum" ce, kuma babu zargi a cikinta. In ka fassara su da kalma ɗaya ba tare da ƙarin bayani ba, mai sauraro ba zai san ko ƙasar taimako ta yi ko laifi ake ɗora mata ba.

Idan abin zuciya ne ya biyo, Hausa ta fi Turancin wadata. "Harbour a grudge against someone" shi ne ƙullatar mutum, ko riƙe shi a zuciya. In shakka ce ko zato, sai ka ce yana da shakku a ransa bai furta ba. In buri ne, ka ce ya daɗe yana cin burin abu a ɓoye. Abubuwa biyu ne ba a so su ɓace a fassara: an daɗe ana riƙe da abin, kuma ba a bayyana shi ba. Wanda ya fusata yanzu ya zazzaga faɗa ya huce, wannan aikatau bai hau kansa ba. Shi ya sa ma Bature ba ya haɗa ta da farin ciki ko dariya. Abin da ake rufawa take bi.

Idan kuma ƙwayoyin cuta ne, ko ƙwari, ko ƙazanta, to babu niyya a ciki, kada ka ce "ɓoye". Soson wanke-wanke mai laima ba makirci yake ƙullawa ba. Ka ce yana tara ƙwayoyin cuta, ko ya zama matattararsu. In dabba ce ko mutum, ka ce yana ɗauke da ƙwayar cutar, sau da yawa ba tare da alama ta bayyana a jikinsa ba.

Kuskuren da ya fi muni yana faruwa ne in ana juyawa daga Hausa zuwa Turanci. Mutum yana so ya ce ya sauki baƙo kwana uku, sai ya rubuta "I harboured him for three days". Da bakinsa ya amsa laifi ke nan, don mai karatu zai ɗauka 'yan sanda ke neman baƙon. "Hosted" ko "put him up" ake cewa. Haka nan ba a amfani da ita wajen ɓoye kuɗi ko takarda a aljihun tebur, wannan aikin "hide" ne.

Tambaya: Mene ne bambancinta da "port", kuma wane rubutu ne daidai, mai "u" ko marar "u"?

Amsa: "Harbour" ruwan take nufi, wato lungun teku mai kariya inda jirgi zai jefa anka ya tsaya lafiya. "Port" kuwa wurin hada-hada ne, mai madogarar jirage, injinan ɗaga kaya, rumbunan ajiya da jami'an kwastan. Ana iya samun mafakar da ba a sauke kaya a cikinta, amma da wuya ka ga tashar teku da ba ta da ruwa mai kariya. Wata mafakar halitta ce, kamar ta birnin Sidni a Ostireliya. Wata kuma gina ta ake yi, a shimfiɗa katangar manyan duwatsu ko kankare cikin teku don ta karya ƙarfin igiyar ruwa, a riƙa yashe ƙasan don kada yashi ya cike hanyar jirage. A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ƙawance sun jawo guntayen irin wannan gini daga Ingila suka harhaɗa guda biyu a gaɓar Nomandi ta Faransa, guguwar da ta taso ranar 19 ga Yuni ta lalata ɗaya. A labari na yau da kullum "tashar jiragen ruwa" ta wadatar ga duka biyun. In kariyar ce abin magana, ka ce mafakar jiragen ruwa.

Rubutu kuwa duka daidai ne. Ingila, Kanada da Ostireliya suna sa "u". Amurka ba ta sawa, kuma ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 yana cikin abin da ya kafa wannan salo a can. Ka zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshen rubutunka, tare da danginsa irin su "colour" da "labour". Sunan wuri ne kaɗai ba a taɓawa: sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawai, wanda Japan ta kai wa hari ranar 7 ga Disamba, 1941, "Pearl Harbor" ake rubuta shi ko da salon Ingila kake bi.