Amsoshin Wasiƙunku: Bakwaini, Cikin Bayan Mahaifa da Tsohon da Ke Jinya

Wasiƙun wannan mako duk a kan rai suke, farkonsa da ƙarshensa, da abin da ya hau kan 'yan farish su yi sa'ad da rai ke hannun Allah. Mun ɓoye sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni katikis ne, mai koyar da addini, a wani reshen coci a ƙauye, ƙasar Kafanchan. Fada yakan zo mana sau ɗaya a wata, da damina kuma rafi yakan yanke hanya. In aka haifi bakwaini da dare yana numfashi sama-sama, zan iya yi masa baftisma? In kuma ya cika kafin in iso fa?

Amsa: Malam katikis, za ka iya, kuma kada ka jira kowa. A bakin mutuwa dokar Ikkilisiyar Katolika ta ba kowane mutum izini: kai, ungozoma, kakar yaron, har ma wanda ba Kirista ba, muddin ya yi niyyar aikata abin da Ikkilisiya ke aikatawa. Abu biyu ake bukata, ruwa da kalmomi. Ruwan ya zama ruwa na gaskiya, na rijiya ko na randa ko na leda, ba sai an albarkace shi ba. Mai, nono ko turare ba sa yi. Da hunturu a ɗan ɗumama shi, don sanyi kaɗai yana iya kashe bakwaini, kuma ba sai an tuɓe masa zane ba, goshi kawai za a buɗe. Ka zuba kaɗan sau uku yadda zai gangara a fata, kana cewa: "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." In yaron yana cikin kwalbar ɗumama jarirai a asibiti, ɗigo uku daga sirinji mai tsabta sun isa, amma a nemi yardar nas tukuna.

Inda ake yawan kuskure shi ne a raba aikin, wani na zuba ruwa wani na faɗar kalmomin. Dole mutum ɗaya ya yi duka biyun a lokaci guda. Wasu kuma, don ladabi, sukan ce "muna yi maka baftisma". A shekarar 2020 Vatican ta yanke cewa wannan baftisma ba ta yiwu ba, sai an sake. Haka nan wanda ya ce "cikin sunan Yesu" kawai ya tsaya.

In ana shakka ko da sauran rai, sai ka ce: "In kana da rai, ina yi maka baftisma..." ka ƙarasa. Haka ake yi wa ɗan tayin da aka yi ɓarinsa yana motsi, kome ƙanƙantarsa. Washegari ka rubuta sunan yaro, na iyaye, rana, wuri da mai shaida ɗaya, ka kai wa Fada ya shigar a rajistar farish. Rashin wannan rubutu ne ke jawo rigima bayan shekara ashirin, lokacin aure. In yaron ya rayu, za a kawo shi coci a ƙarasa sauran, wato shafe shi da man kirisma da bishop ya tsarkake, farar riga da kyandir, ba a sake zuba ruwa ba. Shawararmu ga nas-nas Katolika da ke aiki a ɗakin haihuwa inda Musulmi da Kirista ke kwance gado da gado: kada a taɓa ɗan wani da ruwan baftisma ba da yardar iyayensa ba.

In ya riga ya cika, ba a yi wa gawa baftisma. Amma kada a bar uwar da maganar tsofaffi cewa ɗanta ba zai ga Allah ba. Katikizim na 1992, littafin koyarwar Ikkilisiya, ya ce Ikkilisiya tana miƙa irin waɗannan yara ga jinƙan Allah da bege, kuma bishop yana iya ba da izinin yi masa jana'izar Kirista tunda iyayen sun yi niyyar baftisma. A naɗe shi a farin ƙyalle, a binne da addu'a, a ba shi suna in iyayen suna so. Matan Zumunta su ziyarci uwar bayan mako biyu, lokacin da masu gaisuwa sun watse.

Tambaya: Shekara tara ke nan da na zubar da ciki, ina 'yar makaranta, don tsoron babana. Tun daga nan ban karɓi Tarayya, wato Jibin Ubangiji, ba. An ce an riga an kore ni daga Ikkilisiya, sai bishop kaɗai zai iya yafe mini.

Amsa: 'Yar'uwa, an ba ki rabin magana. Gaskiya ne zubar da ciki da gangan babban zunubi ne, kuma doka ta ɗora masa hukuncin yankewa daga tarayya. Sai dai hukuncin ba ya hawa kan wadda ba ta cika shekara 18 ba, ko wadda ba ta san akwai shi ba, ko wadda tsananin tsoro ya tilasta. Daga abin da kika rubuta, da wuya a ce ya hau kanki. Ko da ya hau, tun Nuwamban 2016 Fafaroma Francis ya ba kowane firist ikon gafarta wannan zunubi, ba sai an kai ga bishop ba.

Ki je ikirari, wato furta zunubi ga firist. In kina jin nauyin Fadan farish ɗinku, ki je wata farish, ki durƙusa bayan labule, ba wanda zai tambayi sunanki. Ki faɗi abin da ya faru, sau nawa, da shekarunki a lokacin. Firist ba zai iya faɗa wa kowa ba, ko mijinki, ko kotu. Wanda ya tona asirin ikirari shi ne ake yankewa. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 25 ga Maris 1995 kan bisharar rai, ya keɓe wani sashe ya yi wa mata irinki magana kai tsaye, ya ce kada su fid da rai ga rahamar Allah. Maza ma su ji: saurayin da ya biya kuɗin da uban da ya matsa suna da nasu ikirarin da za su yi. Wadda ta yi ɓari kuwa ba ta yi zunubi ba ko kaɗan.

Tambaya: Likita ya ce cikin matata ya zauna a bayan mahaifa, sai an yi aiki. Wata dattijuwa a coci ta ce wannan zubar da ciki ne, mu yi novena, addu'ar kwana tara, mu jira. Daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, in wannan amsa ta same ku ba a yi aikin ba, ku tafi asibiti yau. A irin wannan ciki ɗan tayin ya maƙale ne a siririn bututun da ke kai ƙwai mahaifa. Ba zai rayu a can ba, ba kuma wata hanyar mayar da shi. Yawanci tsakanin mako shida zuwa goma bututun yakan fashe, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Alamunsa ciwon mara gefe ɗaya, ɗigon jini, jiri, ciwon kafaɗa da suma. Malaman Ikkilisiya sun daɗe da yarda a cire bututun da ya lalace: abin da ake magani cutar uwa ce, mutuwar ɗan tayin kuwa ba ita ake nufi ba, ko da an san za ta biyo baya. Novenar ku yi ta a bakin ɗakin tiyata.

Ga shugabannin farish: abin da ke kashe mata a irin wannan dare jini ne da mota. Ku buɗe littafi a ofishin farish da sunayen matasa masu shekara 18 zuwa sama, nauyin kilo 50 zuwa sama, da rukunin jinin kowa da lambarsa. Ledar jini ɗaya ba ta kai rabin lita ba, lafiyayyen namiji yana iya bayarwa duk wata uku. Kowane reshe ya san direba ɗaya da zai tashi da dare, kuɗin mai kuma ya zauna a hannun ma'ajin Zumuntar Mata ko 'yan ƙungiyar taimakon mabukata ta St. Vincent de Paul, ba a asusun da sai mutum uku sun sa hannu ba.

Tambaya: Babanmu ya haura tamanin, ƙodarsa ta daina aiki. Mun sayar da gona ɗaya don wankin ƙoda, shi kuma ya ce ya gaji, a mayar da shi gida. In mun bi maganarsa, mun kashe shi?

Amsa: Ba ku kashe shi ba. Ikkilisiya ta bambanta kashe majinyaci da barin magani mai tsanani wanda wahalarsa ta fi amfaninsa. Wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, ga tsohon da jikinsa ya ƙi, yana cikin abin da mutum ke da 'yancin ya ce ya isa. Sanarwar Vatican ta 1980 kan wannan batu ta ambaci har da gudun ɗora wa iyali kuɗin da ya fi ƙarfinsu. Sharaɗin shi ne maganar ta fito daga bakinsa yana cikin hankalinsa, bayan likita ya yi masa bayani, ba don 'ya'ya sun fara lissafin gado ba. Ku tabbata kuma ba kunyar wahalar da ku ce kaɗai ta sa ya faɗa ba. Ɗaya daga cikinku ya zauna da shi su biyu ya tambaye shi.

Abin da ba a bari shi ne kulawa ta yau da kullum. Abinci da ruwa muddin jikinsa na karɓa, ba ɗura ba. In ya daina haɗiya, a riƙa jiƙa masa leɓe da auduga. A juya shi duk awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Maganin rage zafi halal ne, tun 1957 Fafaroma Pius na Goma Sha Biyu ya faɗa, ko da zai sa shi barci, in dai ba mutuwarsa ake nema da shi ba. Likita ne zai zaɓi wanda ya dace, don yawancin magungunan ciwon jiki na kemis suna ƙara lalata ƙoda.

Ku kira Fada yanzu. Mutane da yawa suna ganin zuwan Fada da man shafe marasa lafiya kamar kiran mutuwa ne, sai su jira gargara, ya iso ya tarar da gawa, gawa kuwa ba a shafe ta. Yaƙub 5:14 marasa lafiya ya ce a kira wa dattawan ikkilisiya. Ku shimfiɗa farin ƙyalle a kan ƙaramin tebur, da gicciye, kyandir da kofin ruwa. Ku fita ku ba su wuri ya yi ikirari, sannan ku dawo a shafe goshinsa da tafin hannuwansa, ya karɓi Tarayya. Azumin awa ɗaya kafin Tarayya bai hau kansa ba. Katikis yana iya kawo masa Tarayya in yana da izini, amma shafewa aikin firist ne kaɗai.

Tambaya: Wani matashi a unguwarmu ya rataye kansa. Wasu sun ce ba za a shigar da gawarsa coci ba.

Amsa: Tsohuwar dokar Ikkilisiya ta 1917 ce suke tunawa. Dokar 1983 ta cire wannan hani, Katikizim kuma ya ce ciwon ƙwaƙwalwa, ƙunci ko tsananin tsoro suna rage alhakin mutum, kuma Ikkilisiya tana yi wa irinsu addu'a. A je wa Fada da maganar, a yi masa Misa. A wajen wa'azi da zaman makoki kada a bayyana yadda ya yi, kuma shugaban matasa ya sa ido kan abokansa na kusa a makonnin da ke tafe. Wanda ya ce ya gaji da duniya, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, a ɗauke maganin ƙwari da igiya daga ɗakinsa, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi asibiti a ranar.